Daga Kaset Zuwa Memori: Tarihin Tafintan Da Ke Cikin Kayan Kallon Da Muke Sayarwa

A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu waiwayi wani reshe na fataucinmu da ya ciyar da gidaje masu yawa tsakanin Kano da Garwa da Yagwa da Bongor, wato kayan sauti da kallo: rediyo mai kaset, bidiyo, faifai, dikoda da wayar hannu. Masu fataucin shinkafa da shanu da atamfa suna iya cewa wannan ba layinsu ba ne. To amma babu ɗayanmu da ba ya ɗauke da waya a aljihu, kuma da wuya a shiga gidan da ba a jingine wata na'ura a kan kabad ba, lafiyarta ƙalau, amma ta daina amfani.

Buhun gero in ya daɗe a sito, ƙwari ake tsoro. Kayan lantarki kuwa suna iya mutuwa a cikin kwalinsu, ko ledarsu ba a ɓare ba. Abin da ke kashe su ba ya ganuwa, domin manhaja ce da ke zaune a cikin na'urar, wadda ita ce ke karanta fim ko waƙa ko wasa ta fito da su a fuska da lasifika. Ranar da aka daina yin kaya da harshen da take ji, ranar jarin ɗan kasuwa ya kwanta. Wannan ya sha faruwa cikin shekaru 40 da suka wuce, kuma zai sake faruwa. Shi ya sa muke son mu bi tarihin daki-daki.

Wane ne wannan tafinta?

Duk wanda ya ci kasuwa a Yagwa ya san darajar tafinta. Bamasa ya kawo kifi, Bafulatani ya kawo nono, ɗan Bongor yana Larabcin Chadi, ma'aikacin duwan yana Faransanci, mai kaya daga Kano yana Hausa. In babu wanda ke tsakani, ciniki ba ya faɗawa. Haka abin yake a cikin na'ura. Fim ɗin da ke kan faifai ko memori tarin lambobi ne da aka matse su bisa wata ƙa'ida. Sai an sami manhajar da ta san wannan ƙa'ida sannan lambobin su koma hoto da murya. Haka kuma wasa ko manhajar hira da ake saka wa waya, ba ta magana da ƙarfen wayar kai tsaye. Akwai wata shimfiɗa a tsakani, wadda ke karɓar umarninta ta gudanar da shi. Wannan shimfiɗa da masu karanta sauti da hoto su ne muke kira tafinta a wannan rubutu.

Abu uku ya kamata a riƙe game da shi. Na ɗaya, kowane tafinta harsunan da aka koya masa kawai yake ji. Na biyu, yana da mai shi, wani kamfani a Amurka ko Japan ko Taiwan, wanda sau da yawa sai an biya shi kuɗin lasisi kafin a saka shi a na'ura. Na uku, mai shi yana iya daina kula da shi duk ranar da ya ga dama, ba tare da ya tambayi ɗan kasuwar Yagwa nawa ya rage masa a shago ba.

Zamanin kaset

Kamfanin Philips ne ya fito da ƙaramin kaset na sauti a 1963, kuma shi ne kayan sauti mafi sauƙin sha'ani da muka taɓa sayarwa. Kaset ɗin Shata ko na Ɗan Maraya Jos da aka sayo a Kano, ko na Ali Baba ɗan Garwa, ko na karatu da wa'azi, duk rediyon da aka saka shi zai yi. Ba ya tambayar ƙasa, ba ya tambayar kamfani. In zaren ya fito, da biro ake naɗe shi.

Matsala ta fara ne da hoto. Sony ta fito da Betamax a 1975, JVC ta fito da VHS a 1976, kuma kaset ɗin wannan ba ya shiga na'urar wancan. VHS ta yi nasara, Betamax ta bar masu ita da asara. A kanmu kuma akwai wani ƙarin shinge da ya bi iyakar ƙasa. Najeriya tana aiki da tsarin launi na PAL, kuma da Kamaru ta buɗe talabijin ɗinta a 1985 ita ma PAL ta ɗauka. Chadi da Nijar kuwa SECAM na Faransa suka bi. Saboda haka kaset ɗin da ke da launi a Yagwa yana iya tsallaka Logone ya koma baƙi da fari a talabijin ɗin Bongor. Dattawanmu da suka yi wannan fatauci sun san cewa talabijin da bidiyo masu karɓar tsari da yawa sun fi tsada a sari, amma su ne ba a dawo da su.

Abubuwa biyu suka hura wa kasuwar wuta. Na farko ƙwallo: ranar 8 ga Yuni 1990 Kamaru ta ci Ajantina ɗaya da nema a wasan buɗe gasar cin kofin duniya, kuma daga nan duk mai hali yana son talabijin a gidansa. Na biyu fim ɗin Hausa: a wannan shekarar ce ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 kasuwar Ƙofar Wambai da ta Bata sun zama matattarar masu sarin kaset. Kaya suna tasowa daga Kano su bi Maiduguri, su shigo ta Banki da Amchide, su sauka Mora da Marwa, daga nan su yi tafiyar kimanin kilomita 200 zuwa Yagwa ta Kaele. Wasu kuma ta Mubi da Gider, wasu ta Yola da Garwa. Daga Yagwa sai kwalekwale ko jirgin fito ya kai su Bongor. Ko karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, wadda ta tsadar da duk abin da ake shigowa da shi daga Turai, ba ta kashe kasuwar ba. Wanda bai iya sayen na'ura ba sai ya biya kuɗin shiga gidan kallo na unguwa, rumfar zana da benci da janareto.

Faifai ya kori kaset

A 1993 Sony da Philips da Matsushita da JVC suka amince da ƙa'idar VCD. A nan ne tafinta na gaskiya ya fara shiga shagunanmu, domin hoton VCD lambobi ne da aka matse da tsarin da ake kira MPEG-1, kuma a cikin kowace na'ura akwai ɗan ƙaramin guntu da aikinsa shi ne warware su. Faifai ɗaya yana ɗaukar kimanin minti 74, shi ya sa dogon fim ɗin Indiya yake zuwa a faifai biyu ko uku. Turai da Amurka ba su damu da VCD ba. Masana'antun Sin ne suka rungume shi, suka cika Asiya da Afirka da na'urori masu araha. A wajenmu ya zo da sauƙi biyu: kwali ɗaya na faifai yana ɗaukar abin da kwalaye da yawa na kaset ba sa ɗauka, kuma kwafi na ɗari daidai yake da na farko. Wannan sauƙi na biyu shi ne kuma ya buɗe ƙofar satar fasaha, wadda masu shirya fim na Kano suka daɗe suna kuka da ita.

DVD ya fito a Japan a 1996, da tsarin MPEG-2 da faifai mai cin gigabait 4.7. Shi kuma ya zo da wata dabara: kamfanonin fim sun raba duniya shiyya shida, suka kulle kowane faifai da shiyyarsa. Kamaru da Najeriya da Chadi suna shiyya ta 5, tare da Indiya da Rasha. Faransa da Dubai suna ta 2, Amurka tana ta 1. Faifan asali da wani ya yo tsaraba daga Faris yana iya ƙin yi a babbar na'ura mai suna, alhali 'yar ƙaramar na'urar Sin da ba ta kula da shiyya tana karanta shi. Da aka ƙara wa waɗannan na'urori iya karanta DivX da MP3, sai aka fara cusa finafinai da yawa a faifai ɗaya. Mai saye ya daina tambayar sunan kamfani, tambayarsa ita ce, "Tana cin komai?"

A wannan zamani gidajen silima suka ƙare. Manyan da suka rage a Kamaru, Abbia a Yawunde da Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, duk an rufe su a watan Janairu 2009. Kallo ya koma gida da rumfar unguwa, wato ya koma hannunmu.

Waya ta shigo

A shekarar 2000 MTN ta sayi Camtel Mobile, a daidai lokacin da Mobilis, wadda ta koma Orange a 2002, ta fara aiki. Najeriya ta biyo baya a watan Agusta 2001. Wayoyin farko kira da saƙo kawai suke yi. Amma ba a daɗe ba mai saye ya fara yin wata tambaya da yawancinmu muka haddace kafin mu san ma'anarta: "Tana da Java?"

Tarihin Java ya shafe mu kai tsaye. Injiniyoyin kamfanin Sun Microsystems a Amurka, ƙarƙashin James Gosling, sun fara aikin a 1991, kuma asalin niyyarsu kayan lantarki na gida ne irin su akwatin talabijin. An fito da shi fili a 1995, sannan a 1999 aka yanko ƙaramin samfurinsa domin waya. Hikimar ita ce a saka tafinta iri ɗaya a wayoyin kamfanoni daban-daban, ta yadda wanda ya rubuta wasa sau ɗaya zai yi a Nokia da Samsung da Sony Ericsson. A aikace ba kullum hakan ke faruwa ba, domin girman fuska da maɓallai sun bambanta, kuma masu gyaran waya sun koyi ajiye samfuri biyu ko uku na wasa ɗaya. Duk da haka ta hanyar Java ne Opera Mini da 2go da Facebook suka isa hannun matasan da ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba. Manyan wayoyin Nokia kuma suna da nasu tsarin, Symbian, wanda ke karɓar manhajojin da ƙananan ba sa karɓa.

Sai ga wayar da muke kira 'yar Chana. Kamfanin MediaTek na Taiwan, wanda aka kafa a 1997, da guntun na'urorin faifai ya fara. Daga baya ya fara sayar wa ƙananan masana'antun Shenzhen guntun waya haɗe da manhajarsa, nasu kawai su yi gida da fuska da batir. Wayoyin suka fito da layi biyu ko uku, da lasifika mai ƙara, da tocila, da rediyo, wasu har da eriyar talabijin. Ga ɗan kasuwar da ke kwana Yagwa ya yi yini a Bongor, wanda dole ya riƙe layin Kamaru da na Chadi, wani lokaci har da na Najeriya, waya mai layi da yawa ta fi waya mai suna. A kan wannan buƙata kamfanin Transsion, mai Tecno da itel da Infinix, ya gina kasuwarsa a Afirka. Amma yawancin wayoyin Chana na farko ba su da Java. Suna karanta waƙa da bidiyo, ba sa karɓar wasa da manhajar hira, kuma rigingimu da yawa a bakin shago daga nan suka taso.

Memori da masu turi

Ɗan ƙaramin katin nan da bai kai farce ba, wanda wasu ke ce wa memori, wasu kat memuwar, ya fito a wajen 2005. Shi da tsarin bidiyo na 3GP su ne suka kwance wa faifai zani a kasuwa. An tsara 3GP domin waya mai ƙaramin ƙarfi, hotonsa sau da yawa ɗigo 176 ne a faɗi da 144 a tsaye, fuskar jarumi ma da kyar ake gane ta, amma cikakken fim yana shiga waya. Sabuwar sana'a ta fito: saurayi da kwamfuta da tebur a bakin kasuwa ko tasha, yana juya fim daga faifai zuwa 3GP ko MP4 yana tura wa mutane a kan 'yan kuɗi kaɗan. Waƙoƙin finafinai, wa'azi, karatun Alƙur'ani, finafinan Indiya masu fassarar Hausa, duk ta hannunsa suke bi. Wanda ya samu kuma ya tura wa abokinsa ta Bluetooth kyauta.

Shekarar 2014 ce ta yanke hukunci. Rikicin Boko Haram ya rufe hanyar Banki da Amchide da ta Gamboru da Fotokol, kaya suka koma dogon zagaye, 'yan'uwanmu da yawa suka rasa dukiya, wasu suka rasa rai, Allah ya jiƙansu. Kwalin faifai yana buƙatar mota da hanya. Fim ɗin da ke cikin memori kuwa aljihu ɗaya ya ishe shi. A watan Satumba na shekarar Nexttel ta fara aiki da 3G a Kamaru, MTN da Orange suka sami nasu izinin a 2015. A Kano kuma tashar Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye ta tauraron ɗan'adam a 2014. Da hanyoyi suka sake buɗewa, kasuwar faifai ba ta dawo ba. Masu shirya fim ɗin Hausa da kansu sun koma fim mai dogon zango a YouTube da talabijin, irin su Izzar So da Labarina.

Ranakun da aka rufe ƙofa

Yana da kyau mu jera ranakun da manyan kamfanoni suka janye tafintansu, domin kowace rana a cikinsu ta rage darajar wani kaya a wani shago.

Flash, wanda Adobe ta mallaka bayan sayen Macromedia a 2005, shi ne ke kunna yawancin bidiyo da wasannin intanet a lokacinsa. A watan Afrilu 2010 Steve Jobs ya bayyana cewa ba zai bar shi ya shiga iPhone ba. A watan Nuwamba 2011 Adobe ta daina inganta shi domin waya, kuma ranar 31 ga Disamba 2020 aka rufe shi gaba ɗaya.

A watan Fabrairu 2011 Nokia ta sanar da barin Symbian zuwa Windows Phone, kuma a 2014 Microsoft ta saye sashen wayarta. A wannan tsakani wayoyi iri biyu suka zauna a teburi ɗaya da suna ɗaya. Jerin Asha suna da Java, suna yin WhatsApp. Nokia 220 da 225 kuwa, waɗanda suka fito a 2014, guntun MediaTek ne a cikinsu, ba su da Java. Daga waje ba a bambance su, sai an kai gida.

WhatsApp ta daina aiki a Symbian a ƙarshen Yuni 2017, a BlackBerry a ƙarshen 2017, a ƙananan Nokia masu Java a ƙarshen 2018, a Windows Phone a ƙarshen 2019. BlackBerry, wadda a wani lokaci ita ce alamar babban ɗan kasuwa, ta kashe hidimar tsofaffin wayoyinta ranar 4 ga Janairu 2022. Wayoyi masu maɓalli na tsarin KaiOS, irin Sanza ta Orange da ta fito a 2019, an tallata su ne da cewa suna yin WhatsApp da araha, amma daga baya ita ma ta janye daga kansu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan wayoyi ba faɗuwa ta yi ta fashe ba. An sanar da ranar ne tun da wuri a shafin kamfani, wanda ya ji ya karya farashi ya fita, wanda bai ji ba ya kwana da kaya.

Android, dikoda da talabijin mai intanet

Wayar Android ta farko ta fito a 2008, kuma yau ita ce ke riƙe da kasuwarmu. Abin lura shi ne da harshen Java aka gina yawancin manhajojinta, sai dai Google ta yi nata tafintan, Dalvik, ta kuma maye gurbinsa da ART a Android 5 a 2014. Wannan lamba ta Android ita ce shekarun waya na gaskiya. Tun watan Oktoba 2023 WhatsApp ba ta aiki a wayar da ke ƙasa da Android 5, kuma wannan layi gaba yake matsawa. Haka nan tun da Amurka ta sa wa Huawei takunkumi a watan Mayu 2019, sababbin wayoyinta suke fitowa ba tare da manhajojin Google ba. Mai sayen da ke son YouTube da Play Store ya cancanci a gaya masa kafin ya biya.

A ɓangaren gida, matsalar ta koma bayan talabijin, wajen ramin USB. A nan sai mu tuna da buhu da abin da ke cikinsa. MP4 da MKV da AVI buhuna ne. Abin da ke ciki shi ne tsarin matse hoton, H.264 na 2003 ko H.265 na 2013, da kuma tsarin sautin. Talabijin tana iya gane buhun ta kasa gane abin ciki. Daga nan ake samun hoto babu murya, ko murya babu hoto, ko a rubuto cewa ba a san fayil ɗin ba. Sau da yawa masana'anta ce ta ƙi biyan lasisin wani tsarin don ta rage farashi. Wani lokaci kuma memorin ne: wanda aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4, wasu talabijin kuma ba sa karanta wani tsari sai shi. A waya da kwamfuta manhajar VLC, wadda ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faris suka fara kuma kyauta ce, tana warware yawancin wannan, domin tana zuwa da nata masu karantawa. Talabijin mai araha kuwa abin da aka haife ta da shi, da shi za ta mutu.

Dikoda ma haka. Da tashoshin tauraron ɗan'adam suka koma MPEG-4 da DVB-S2 domin hoto mai kyau, tsofaffin dikodoji masu MPEG-2 suka riƙa rasa tasha ɗaya bayan ɗaya. Lokacin gasar cin kofin Afirka ta watan Janairu 2022, da filin Roumde Adjia na Garwa ya karɓi rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau, masu gidajen kallo sun ga bambancin da idonsu. Akwai kuma sauyin talabijin na ƙasa daga tsohon tsari zuwa na dijital, wanda Hukumar Sadarwa ta Duniya ta sa wa wa'adin 17 ga Yuni 2015. Ƙasashenmu ba su cika wa'adin ba, amma duk ranar da aka kammala, talabijin ɗin da ba ta karɓar DVB-T2 sai an haɗa ta da akwati.

Gada da abin da ke gabanmu

A watan Afrilu 2025 aka buɗe gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor, mai tsawon mita 620, wadda aka aza harsashinta a watan Fabrairu 2020. Kafin ita, manyan motoci da yawa masu zuwa Chadi sai sun haura Kusiri su bi gadar Ngeli. Yanzu kayan da suka taso daga Duwala da Ngaundere da Garwa suna da wata sabuwar hanya zuwa Chadi, kuma ƙasashen biyu kuɗinsu ɗaya. Wannan alheri ne, amma yana nufin manyan diloli za su shigo, kuma ragowar kayan da suka tsufa a manyan birane za su nemi inda za a sauke su da araha. Garuruwan iyaka su ne aka saba sauke wa irin wannan kaya.

Tarihin da muka bi yana ba mu shawarwari kaɗan. Duk mai zuwa sari, Kano ne ko Duwala ko Dubai, ya tafi da memori ɗaya mai ɗauke da fim da waƙa a tsari daban-daban, ya gwada a na'ura kafin ya biya, kar ya dogara da rubutun jikin kwali. Mai sarin waya ya buɗe ta ya duba lambar Android da girman ƙwaƙwalwarta da kansa. Mai sarin memori ya cika ɗaya har baki ya sake buɗe abin da ya zuba, domin akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Kar a zurfafa jari a samfuri ɗaya saboda arahar sari, domin araha ta fiye yawa alama ce cewa wani ya ji labarin da ba mu ji ba. Kuma a gaya wa mai saye abin da na'ura ke yi da abin da ba ta yi. Manomin shinkafar SEMRY da ya tara kuɗin kaka ya sayi waya, in ta daina WhatsApp bayan wata shida, ba kamfanin da ke Amurka zai tuna ba, shagon da ya saya zai tuna.

Shawara ta ƙarshe ga shugabannin ƙungiya ce. Masu gyaran waya da masu turi da masu ɗaura tauraron ɗan'adam su ne ke fara sanin abin da ya daina aiki, tun kafin labari ya iso ga mai shago. Ya kamata a jawo su cikin ƙungiya, a ba su wuri a taronmu, a kuma ware wanda zai riƙa bibiyar sanarwar kamfanoni da ta hukumomi yana sanar da mambobi da Hausa da Fulatanci da Faransanci. Abin da ya faru a watan Oktoba 2020, lokacin da aka shirya karɓar harajin duwan na kashi 33 cikin ɗari ta cikin wayar mai saye kafin a dakatar da shirin, ya nuna cewa manhajar cikin waya ta fara shiga har lissafinmu da duwan. Iyayenmu da suka yi fatauci kafin mu ba sa shiga baƙuwar kasuwa sai sun san wanda zai yi musu tafinta da kuma amanarsa. Kayan da ke hannunmu yau ma wannan binciken suke buƙata.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka buɗe waɗannan hanyoyi, ya sa albarka a kasuwa, ya maimaita mana.